Damin da Muna ta kai da kanta

Kakata Muna, wadda ta haifi uwata, ba ta taɓa mallakar ƙasa ba, in ba inda aka rufe ta ba. Ta yi noma fiye da shekara arba'in, duk a gonar aro. Na san ta tana tsohuwa, gajera, mai faɗin tafin hannu. Ba ta da fara'a, ba ta kuma damu a so ta ba. Ko sau ɗaya ba ta yi mini tatsuniya ba. Abin da zan rubuta na tsince shi ne guntu-guntu, wani daga bakinta muna sussuka, wani daga bakin uwata Habsa. Inda suka saɓa na bi na Muna, don ita ce ta ɗauki damin.

An haife ta a wata tunga kudu da Filinge, cikin babban kwarin da ake kira dallol, kafin zuwan Nasara. Mijinta Sahabi baƙo ne. Daga Adar ya zo da jakuna biyu yana sayar da gishiri, ya ga wuri ya zauna. Baƙo ba shi da gona a ƙasarmu ta Kurfai, gonar uban Muna kuwa maza bakwai ke jiranta. Sai Sahabi ya nemi aro.

Ƙasar wannan gefen ta wani tsoho ce mai suna Manzo, wanda kakanninsa suka sare dajin. Yana zaune cikin garin Filinge, ba ya zuwa tunga. Yana da mutuminsa, Magagi, wanda ke shiga tsakaninsa da masu aro. Duk mai neman gona ta hannun Magagi yake bi.

Ga yadda ake yi a lokacin. Bayan girbi, mai aro zai zaɓi dami ɗaya mai kyau a kai wa mai ƙasa. A ajiye gabansa a ce an maido gona, shi kuma ya ce a koma a noma. Shi ke nan, an sabunta aro na shekara guda. Damin ba wani abu ba ne mai yawa, alama ce kawai cewa ka san ƙasar ba taka ba ce. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya tsallake damin ƙasa. Wanda ya yi shekara uku bai kai ba, ana ɗauka yana neman cin gonar ne, sai a tashe shi.

Magagi ne ke zagayawa da jakinsa yana tattara damunan, shi ne kuma ke faɗar maganar a gaban Manzo a madadin kowa. Da can la'adarsa sau ɗaya ce, ranar da ya sama maka gona. Da Nasara suka kafa bariki a Filinge suka ɗora lanho, wato haraji, suka ce ba su karɓar wuri sai ƙarfen kuɗinsu, kowa ya shiga neman inda zai tatsa. Magagi ya mayar da la'ada ta kowace shekara, dami ɗaya na Manzo, dami ɗaya nasa. In aka yi gunaguni sai ya ce jakinsa ma hatsi yake ci.

Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne mai riƙe abu a kai. Ya san iyakar kowace gona, wace sabara ce ta raba wane da wane, wa ya kai dami a wace shekara. Babu takarda a lokacin, kansa ne takardar. Abin da mutane ke saya da damin nan ke nan, amma Muna ba ta ga haka ba. Ita dai ta ga mutumin da bai taɓa riƙe hauya a gonarta ba yana tafiya da hatsinta.

Gonar da aka ba Sahabi gajiyayyiya ce, yashi da ƙuduji, sai gawo ɗaya a tsakiya. Suka shirya da wani Bafulatani, Gidaɗo, ya riƙa kwana da shanunsa a ciki duk rani, su kuma su ba shi hatsi. Muna ce ke kwashe taki a ƙwarya tana watsawa inda shanun ba su kai ba. Cikin shekara biyar ƙasar ta yi duhu, ƙuduji ya ja baya, masu wucewa suka fara tsayawa suna kallon zangarniya.

Sahabi bai daɗe yana cin wannan ba. A shekarun nan ayarin sojan Nasara na bi ta Filinge zuwa Tawa, kowane ayari kuma sai an tara masa masu ɗaukar kaya. Baƙo ake fara nunawa, don ba shi da dangin da za su yi magana. Sau biyu ya tafi ya dawo da ƙafafu a fashe. Na uku bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya kawo wa Muna wuƙarsa, ya ce zawo ne ya kama shi, sun rufe shi kusa da wata rijiya da bai san sunanta ba. Ya bar ta da 'ya'ya uku, Habsa, da Yahaya, da 'yar ƙarama Haske.

Ta sake aure bayan takaba, wata biyar ta fito. Ta ce mutumin yana cin tuwon mutum biyu yana aikin rabin mutum. Daga nan ba ta ƙara ba. Ta riƙe gonar da kanta, Magagi kuma bai hana ba, tunda damuna biyun suna fitowa.

Sai shekarar babbar yunwa. Da na yi lakwal, wato makarantar boko, na lissafa, ta faɗa wajen 1913. Ruwa ya ɗauke, hatsi yana da ciki bai fito ba. Gonar da ta saba cika rumbu ta ba da dami tara, shi ma don takin ne, maƙwabta wasu ko uku ba su ɗaure ba. Lanho kuwa bai ragu ba. Magagi ya zo da jakinsa kamar kullum, ya tsaya bakin danga.

"Uwar Habsa, biyu ne, kamar yadda munka saba."

"Bana ɗaya ne, Magagi. Kai ma kana da ido."

"Ina da ido, ina kuma da baki goma sha ɗaya a gida."

"Nawa huɗu ne. Cikin naka wanne ya yi mani noma?"

Bai ji haushi ba. Ya ce ta yi tunani, zai dawo bayan kasuwa.

Ba ta jira shi ba. Ranar kasuwar Filinge ta tashi da asuba, ta ɗora dami a kai, ta kama hanya. Da gangan ta zaɓi ranar. Ta san gidan Manzo zai watse zuwa kasuwa, Magagi ma yana can wajen masu awo, ba mai ganinta balle ya kai masa labari. Kuma ranar kasuwa mace da dami a kai ba abin tambaya ba ce.

Mutum ɗaya ta gamu da shi da ya san ta, Gidaɗo, yana kora 'yan shanun da suka rage masa. Ya tambaye ta ko jakin Magagi ne ya mutu aka ɗauke ta aiki. Ta ce masa ya kula da shanunsa, ƙashin haƙarƙarinsu ya fi gashinsu yawa. Ya yi dariya ya wuce.

Ta iske Manzo da hantsi, shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa. Idonsa ya riga ya tafi, sai inuwa yake gani. Ta durƙusa ta sauke damin gabansa. Ya miƙa hannu ya shafa zangarniyar, ya murza ɗaya ya ji tsabar.

"Wace ce?"

"Muna ce, Baba, matar marigayi Sahabi. Na maido gona."

"Ina Magagi?"

"Shina lahiya. Ni ce na ga in kawo da kaina."

Tsohon ya yi 'yar dariya, don ya gane. Ya ce, "Koma ki noma, ɗiyata. Ki noma har ki gaji." Da yake ba kowa a gidan, ya ce ta taimaka ta saka damin a rumbu da kanta kada awaki su ja. Ta hau ta jefa shi cikin sauran. Ta sha ruwa ta juya gida.

Kwana biyu Magagi ya dawo. Ta gaya masa ta gama da mai ƙasa. Ta yi zaton zai yi faɗa, ta ma shirya abin da za ta mayar masa. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya gani. Ta ce Allah ya gani.

"Gaskiya ne," in ji Magagi. "Amma ran da anka tara mutane, mutum ake tambaya."

Ya ja jakinsa ya tafi, bai sake tsayawa a bakin dangarta ba.

Damin da ta hana shi ya riƙe su kwana goma sha biyu, tana dama kunu tsararo tana haɗawa da ganye. Duk da haka Haske ta mutu a bazarar, tana da shekara uku. Uwata ta ce har ta tsufa tana tuna yadda cikin yarinyar ya kumbura ƙafafunta suka zama kamar kara. Muna ba ta taɓa yi mini maganar Haske ba, sai sau ɗaya da ta ce ita ce mai kama da Sahabi.

Ruwa ya dawo, gona ta dawo. A nan ne ya kamata ta koma wa Magagi, uwata ma haka ta ce. Amma Muna ta ɗanɗana. Ta ga abin da ake biya wa dami guda tafiyar safiya ɗaya ce, ƙafafunta kuma nata ne. Shekara ta biyu ta sake kaiwa ranar kasuwa, ta uku ma haka. A ta ukun ta iske Manzo kwance a ɗaki, muryarsa da ƙyar take fita, amma ya faɗi maganar. Ta saka damin a rumbu ta fito, ba wanda ya gan ta sai kaji.

Manzo ya rasu a bazara, gab da faɗuwar damina. Babban ɗansa Ibrah ya daɗe ba ya gida, yana kula da dawakin Nasara a barikin Doso. Ya dawo ya gaji ƙasar da bai san iyakarta ba. Abin da kowa zai yi shi ya yi, ya kira Magagi ya ce ya lissafa masa gonaki da masu aro. Magagi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan gonar Sahabi ya ce shekara uku bai ga daminta ba.

Lokacin Muna ta gama sharar gona, ta ƙone kara, shanun Gidaɗo sun kwana wata biyu a ciki. Irin shuka na cikin tulu, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai aka aiko ta zo zauren mai gari.

Mace ba ta shiga zaure. Ta durƙusa a bakin ƙofa, babban wanta yana ciki a madadinta, shi ma ba da son ransa ba, don gonarsa ta biyu ta hannun Magagi ya same ta. Ta faɗi yadda aka yi, shekara uku, da abin da tsohon ya ce mata. Ibrah bai zage ta ba. Ya ce bai ce ƙarya take ba, amma shi bai nan, ubansa kuma ba ya nan. Ta kawo mutum ɗaya da ya gani, ya bar mata gonar.

Aka tambayi matan gidan Manzo. Suka ce su ɗiba suke daga rumbu, hatsi kuma ba a rubuta masa suna. Sai ta tuna da Gidaɗo. Bai riga ya tashi arewa da shanu ba, aka nemo shi a bakin rijiya. Ya zo ya tsuguna da sandarsa. Uwata tana bayan Muna a ranar, ta ji abin da ya ce.

"Na gan ta sau ɗaya da dami bisa kai, ta nuhi Filinge. Shekarar yunwa ne."

Mai gari ya tambaye shi wace rana. Ya ce ranar kasuwa. Ya tambaye shi ko ya ga inda ta sauke.

"Ban bi ta ba. Ba ni rantsuwa bisa abin da ban gani ba."

Wani daga cikin zauren ya ce ranar kasuwa ai kowa da dami yake tafiya. Muna ta ɗaga murya daga waje ta ce a tambayi Magagi ko Baba Manzo bai taɓa gaya masa ba. Magagi ya ce tsohon ya faɗi abubuwa da yawa a ƙarshen ransa, har matattu yakan kira su zo su ci tuwo. Aka kawo Alƙur'ani ya rantse cewa shekara uku idonsa bai ga damin Muna ba, hannunsa bai taɓa shi ba. Bai yi ƙarya ba. Ita ma da ta ba ni labarin ta ce bai yi ƙarya ba.

Aka karɓe gonar. Wasu suka ba ta shawara ta kai ƙara wurin kumandan, Nasaran da ke riƙe da bariki. Ta tambaya yaya ake yi. Aka ce sai ta ga gardin bakin ƙofa, shi ya kai ta wurin tafinta, kowannensu kuma da abin da ake ba shi, na tafinta ba ya kasa akuya. Ta ce ashe Magagi ma mai sauƙi ne, ta koma gida.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan shuka. Magagi ya riga ya ba wani mai suna Ɗanladi gonar, wanda ya daɗe yana kallonta. Muna na zaune a ƙofar ɗakinta da tulun iri a gefe, tana jin sungumin mutane ta ko'ina. Takin shekara goma sha huɗu Ɗanladi ya shuka a kai. A kakar nan sai da ya gina rumbu na biyu.

Ita kuwa ta yi daminar tana ƙwadago a gonakin mutane, a biya ta da mudu. Irin shukan suka cinye shi kafin noman fari. Da ta ga ba za ta iya riƙe baki uku ba, ta kai Yahaya gidan wanta. An ce na shekara ɗaya ne. Can ya girma, matar wan yake kira Inna, Muna kuma yana gaishe ta kamar yadda ake gaida goggo. Na san kawuna Yahaya. Mutumin kirki ne, yakan aiko mata da goro da salla, bai taɓa kwana a gidanta ba.

Da rani ya zo ta ɗauki kazarta guda ta tafi gidan Magagi. Babu wata ƙofa a wannan gefen sai shi. Ta durƙusa ta ce tana neman gona. Ya karɓi kazar, ya juya ta ya duba ƙirjinta, ya miƙa wa matarsa.

"Ban ƙi ki ba, uwar Habsa," in ji shi. "In da na bar ki, baɗi kowa zai ɗauki damin shi bisa kai. Ni kuma in ci mi?"

"Ka ci abin da ka noma."

"Har yanzu bakin nan bai mutu ba."

"Shi kaɗai ya rage mani. Akwai gonar ko babu?"

Akwai. Can bisa tudu, waje da dallol, fako da tsakuwa, tafiyar da in ka tashi da asuba sai rana ta fito ka isa. Ta karɓa. Gidaɗo ya kai shanunsa can a ranin farko bai karɓi ko mudu ba, bai kuma ce don me ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Takin bai yi wani amfani ba, ruwan farko ya kwashe shi ya gangara da shi kwari. Gonar ba ta taɓa wuce dami ashirin ba. Cikinsu biyu na fita kowace kaka, ɗaya na Ibrah, ɗaya na Magagi, da ya mutu kuma na ɗansa. Ta noma ta shekara ashirin da bakwai, har bayanta ya ƙi miƙewa.

Hanyar tudun ta gefen tsohuwar gonar take bi. Uwata ta ce Muna ba ta taɓa sauya hanya ba, ba ta kuma taɓa juya kai ta dubi gawon ba. Sau ɗaya kawai, da ƙuduji ya fara dawowa don Ɗanladi ya daina biyan Fulani, ta tsaya ta ce masa gonar tana son shanu. Ya ce ina ruwanta. Ta ce babu, ta wuce.

Abin da ya rage mata daga wannan duka wata ɗabi'a ce da mutanen tunga ke yi wa dariya. Ba ta miƙa wa kowa kome sai ta kira na uku. In za ta mayar da rariyar da ta ara, sai ta tsaya a tsakar gida ta ce wance zo ki gani. In ta ba maƙwabciya ɗan kanwa, haka. Har suna ya bi ta, yara na kiranta Zo-ki-gani, ba ta kuma damu ba. Ranar da za a kai ni lakwal a Yamai ta ba ni wani tsohon bargo. Sai da ta tara mata biyu suka ga bargon, suka ga hannuna, sannan ta saki.

Na taɓa tambayarta, ina budurwa mai jin ta yi karatu, ko tana nadamar hana Magagi damin nan. Muna zaune tana tsince tsakuwa daga wake, da hannu, don ido ya tafi.

"Dami ɗaya kwana goma sha biyu ne," in ji ta. "Uwarki ta ci su. Ke kuma ga ki nan kina tambayata."

Ta ci gaba da tsinta, can ta ƙara da cewa, "Ranar ce ban iya zaɓe ba. Da na tahi ran Juma'a, gidan cike da mutane."

Ta rasu da kaka, shekara biyu kafin Nasara su tafi. Kayanta tabarma ne, da tulu biyu, da wuƙar Sahabi. Gonar farko ta cikin dallol tana nan, gawon ya faɗi tuntuni, jikokin Ɗanladi ke nomanta, kuma gonar Ɗanladi ake ce mata.